Katin Itatuwan Maijidda

"Kowa lafiya, sai dai kunyar da kika ja mana a Funtua," in ji Alhaji Mati, tun bai gama cire takalmi ba. "Hajiya guda, da jikoki, a ce kin koma 'yar karta."

"A durƙushe bawa yake gaisuwa," in ji Maijidda. "Koma ka sake shigowa."

Taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubanta ce, tare suka tashi a gidan kakarsu a Dayi. Da Maijidda ta bar koyarwa a firamare a Malumfashi, haushin yaran da ba su iya bambanta kaɗanya da ɗinya ba ya sa ta ƙirƙiro wasan kati: wani katin na ɗauke da itace, wani na ɗauke da abin da ake samu daga gare shi, wanda ya fi haɗa su daidai shi ya ci. 'Yarta Kausar ta zana, ta ɗora a intanet kyauta, mai so ya sauke ya buga. Tun damina ba wanda ya ce mata ya buga ko ɗaya, har ta daina tambaya.

Mati ya zaro ƙunshin takardu daga leda ya dire a tabarma. Ya ce tausayi ne ya kai shi shagon kwamfuta ya bugo katunan nata, don kayan da aka rasa mai saye shi ake cewa kyauta ne.

"Kai da ko tafarnuwa ba ka taɓa ba wani kyauta ba."

"Na ba ki goruba."

"Wadda ka gama gwaigwaya."

Ya ɗago wani kati ya ce ga ƙorafinsa: wannan ɗorawar mai reshe ɗaya a karkace ta gonar kakarsu ce, an sa ta ba a nemi izininsa ba, alhali shi ne sarkin hawanta. Maijidda ta tuna masa ranar da sarkin ya maƙale a sama yana kuka, bakinsa rawaya da garin ɗorawa, sai da kakar tasu, Tsohuwa, ta ajiye tsintar kalwa ta je ta kira masu huɗa.

"Iska nake sha."

"Da majina?"

Suka yi dariya. An daɗe da sare ɗorawar, wurin ya zama gonar masara, Tsohuwa kuma ta riga mu gidan gaskiya tun suna matasa.

Mati ya ce a raba katunan su gwada. Maijidda ta so ta ƙi, don idonta ya yi rauni bana, ko a wayar Kausar ba ta iya ganin zanen, kuma ba ta gaya wa kowa a dangi ba. Amma da ta ɗauki katin sai ta ga kowanne ya kai faifai girma, rubutun manya-manya. Ga kuka, ga rimi, ga tsamiya, tar da su. Ta daɗe tana shafa takardar.

"Mai shagon ne bai iya aiki ba," in ji Mati, yana kallon bango.

Ta cinye shi, ta sake cinye shi, har ya haɗa kaɗanya da daddawa. Ya ce jikokinsa ne suka gajiyar da shi. Tun da ya buga musu ƙananan katunan suke jansa gona ya nuna musu kanya, 'ya'yan maƙwabta ma sun hana shi barcin rana.

"To ka yarda na fi ka?"

Ya miƙe yana dariya, ya tura mata katunan da ƙafa. "Riƙe, uwargijiyata. Ba sa shiga aljihuna."

"Ka bar ledar ma," in ji ta. "Bawa ba ya da kaya."