Ranar da Na Hura Wutar Kakar Bahram

Ba zan taɓa mantawa da zuwana gidan kakar Bahram ba. Bahram abokin karatuna ne a birnin Lyon na Faransa, danginsa mutanen Iran ne masu bin addinin Zoroaster, ni kuma a kan wutarsu nake rubuta kundin kammala karatu. Malamina ya ce littattafai kaɗai ba za su fisshe ni ba, sai na zauna da mai addinin. Da ƙyar tsohuwar ta yarda ta gan ni, muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

Na sha karatu kafin tafiyar. Na san suna fuskantar wuta in za su yi addu'a, don a wurinsu alama ce ta haske da gaskiya. Na san limamansu kan rufe baki da farin ƙyalle don kada numfashi ya ɓata ta. (Har Bahram na yi wa wannan bayanin a jirgi, shi da addininsa.)

Tsohuwar ta shigar da mu wani ɗaki tsaf, ga ɗan kasko yana ƙyalli, garwashi na cin itacen sandal. Ta rufe ido tana addu'a a hankali. Ban taɓa ganin an tsaya gaban wuta da irin wannan ladabi ba.

Sai na ga garwashin yana neman mutuwa. To, ni ne mai dafa shayi a gidanmu a Zinder tun ina ƙarami. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Fuuu! Na ƙara. Toka ta tashi ta sauka a kan farin mayafinta.

"Kai! Me ka yi haka?" in ji Bahram, ya dafe kai.

"Mutuwa za ta yi," na ce.

Tsohuwar ta buɗe ido ta dubi wutar, wadda, don ƙarin kunyata, ta kama bal-bal. Na ce a raina, kundi ya tafi.

"Ɗana, wa ya koya maka?"

"Innata, Madame."

"Ta iya koyarwa. A gidanku taimako ne, na gane. Amma wannan sai na kunna wata."

Ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta fita. Da ta dawo ta nuna mini kujera can bakin ƙofa.

"Kawo tambayoyinka. Daga nan."

Ranar na gane karatuna a kai ya tsaya, bai sauko baki ba. Yanzu in na shiga gidan mutane, ko tukunya na ga tana ƙonewa, sai na nemi izini tukuna.