Yadda Za Ka Cinye Hutunka da Ciwon Baya, Inshora Ba Ta Ba Ka Ko Yen Ɗaya Ba

Shekara ashirin da uku ina ofishin kula da ma'aikata a wani kamfanin kusoshi a Nagoya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka tashi a tutar babu, kuma a yaba maka. Kuwabara na sashen ciniki ya gwada su, sun yi masa aiki.

1. Tara hutu
Kwana goma ya tara na hutun da ake biya, don matarsa Chizuru ta tafi haihuwar fari gidansu a Akita, ya kuma yi mata alkawarin zuwa. Kai ma ka tara, sai da abu a hannu ake yin asara mai kyau.

2. Samo ciwo
Shi bayansa ne ya riƙe wajen ɗaga kwali. Likita ya ce wata guda a kwance.

3. Kada ka karanta takardar inshora
Cewa ta yi in ka kwanta kwana uku a jere, daga na huɗu inshorar lafiya za ta riƙa ba ka kashi biyu cikin uku na albashi. Kwana ukun farko kawai za ka cira a hutunka, bakwai suna nan. Na nuna wa Kuwabara da yatsa.

"Haba yallaɓai, kwana uku a jere? Da wane ido zan kalli mutane?"

4. Rana ta uku, je ka ba da haƙuri
Sayi kwalin alewa, lallaɓa ofis, rusuna wa kowa har bayanka ya ce ƙas. Shugaban sashe, Shimoda, zai tarbe ka.

"Kai Kuwabara, so kake ka kashe mana kanka? Maza koma gida! Amma tunda ka zo, ɗan duba mana odar nan."

Zauna ka duba. Da ka taɓa aiki, ƙirgen kwana ukun ya koma farko.

5. Maimaita
Biyu a kwance, ɗaya a rusune. Sau biyar ya yi haka, kwana goman suka tafi, inshora ba ta ma san ya yi ciwo ba. Haushi ya sa na daina cin alewarsa.

6. Amsa waya a teburinka
Surukarsa ce ta kira. "An sauka lafiya, mace ce! Jirgin ƙasa na ƙarfe nawa za ka hawo?"

"Mama, aiki ne ya ɗan yi yawa."

Shimoda ya sa aka tafa masa, ya ce matasa su yi koyi.

Gargaɗi: ba ruwana da bayanka, balle aurenka. Ni takarda na ba ka, kai ka ƙi karantawa. In kana neman wanda za ka tuhuma, tambayi Kuwabara. A waya 'yarsa ta fara ganinsa, shi kuma abin da ya fara yi mata shi ne ya rusuna ya ba ta haƙuri.