Darasi a Motar Maigatari

Ranar kasuwar Maigatari na shiga motar Maigatari zuwa Gumel, aka matse ni kusa da wani dattijo mai tsohuwar jamfa, riƙe da igiyar akuya. Ya ga littafi a cinyata, ya tambayi aikina.

"Malamin kimiyya ne ni, Baba," na ce, har da gyara hula.

Nan take na buɗe masa aji. Na yi masa bayanin ƙwayar halitta da tantanin da ya lulluɓe ta, na ce a rufe take ruf.

Ya ce, "Malam, in a rufe take, ta ina take fitar da abin da jiki ke buƙata?"

Fasinjoji suka zuba mini ido. Na dafa kafaɗarsa. "Baba, wannan ya fi ƙarfinka. Ka ji da akuyarka."

"To, Allah ya ƙara sani," in ji shi.

Washegari makarantarmu ta yi babban baƙo, wani Farfesa ɗan Gagarawa da ya tsufa yana binciken wannan tantanin, har masu haɗa maganin ciwon suga na amfani da aikinsa. Ni zan karanta tarihinsa, in kuma roƙa mana madubin likita na duba ƙwayoyin halitta. Yana shigowa na ɗago kai daga takarda na dube shi. Dattijon jiya ne.

Ya yi murmushi a gaban taro ya ce, "Malam, akuya tana gaishe ka." Shugaban makaranta ya nemi bayani, aka ba shi.

Madubin dai ya aiko mana. Amma har yau in na shiga ofis sai wani ya miƙe: "Malamin Farfesa ya iso! Yallaɓai, ya akuya?"