Ranar da Ruwa Ya Yi Rawa a Tudun Gishiri

Da aka ce mini mutum ɗaya yana zaune a Dubai ya sa ƙauyensu a talabijin, ban yarda ba. Na zauna a ƙasashen mutane, na san ba haka gari ke yin suna ba. To amma lokacin ban san Alhaji Ɗalhatu ba, mai haɗa kago, wato tura wa 'yan kasuwa kayansu gida, a kasuwar Murshid Bazaar, bawan Allahn da ya naɗa kansa Jakadan Tudun Gishiri a Ƙasashen Larabawa, ya kuma buga kati da ruwan zinari don kada a yi musu.

Tudun Gishiri ƙauyen masunta ne a bakin teku, yamma da Badagiri, da zangon Hausawa mai gida talatin. Rijiyoyinsu duk zartsi ne. Shekara shida suna jiran burtsatse, sai a 2018 sunansu ya shiga jerin da wani kwamiti zai duba. Yayar Jakada, Uwa, ta yi masa waya ya sa baki.

"Yaya, ba ruwa ne matsalarku ba, suna ne," in ji Jakada. "Garin da duniya ba ta sani ba, wa zai haƙa masa rijiya? Khalas, ku bar mini."

Allah ya ƙara basira. Sau ɗaya tak garin ya taɓa fitowa a talabijin, a taswirar hasashen yanayi, shi ma hannun rigar mai gabatarwa ya rufe rabinsa. Hoton na nan a shagon Jakada, cikin gilashi.

Ana haka wasu 'yan fim daga Kano suka sauka a unguwar Al Rigga ta Dubai. Jakada ya dame su da shinkafa da naman rago kwana biyar, ya ce tsarabarsu ma ta bi kwantenarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a nuna garinsu. Darakta Musbahu ya ce ai da sauƙi, a nemi bakin ruwa mai kwale-kwale da taru.

Jakada ya ajiye shayi.

"Kwale-kwale? A gaban duniya? Yaro, mu a gida ko hoton sallah za a ɗauka, babbar riga ake arowa. Garina ne zai fito da singileti? Yalla, ɗauko kyamara."

Ya kai su unguwar Port Saeed a nan Dubai suka ɗauki benaye. Suka ɗauki jirgin ƙasan nan mara direba. Suka ɗauki ruwan da ke tashi sama yana rawa da kiɗa. A ƙasan kowane hoto aka rubuta TUDUN GISHIRI. Don tawali'u, sau huɗu kacal Jakada ya gitta ta gaban kyamara da sandar girma, a na huɗun ya tsaya ya ce, "Mu a nan, ruwa har ya yi mana yawa."

Ranar da aka haska fim ɗin, zango ya tayar da janareto, kowa ya hallara. Aka zuba ido. Can Baba Dikko, tsohon masunci, ya tambaya wace unguwa ce wannan, shekararsa saba'in a garin ba wanda ya taɓa kai shi. Bayan mako guda wasu ango da amarya suka iso da akwatuna suna neman tashar jirgi. Aka ba su kifi da rogo, aka raka su bakin titi.

Shugaban kwamitin burtsatse ma ya kalla, a falonsa, tare da iyali. Takardarsa gajera ce: garin da ruwa ke rawa a cikinsa ya yi haƙuri ya bar wa mabukata.

Uwa ta aiko da saƙon murya na minti tara. Jakada yakan kunna wa baƙi sakan huɗun farko, inda take sallama, ya kashe, ya ce, "Kun ji yadda jama'ata ke ji da ni."

Na same shi a shago yana goge sabon hoto, kusa da na hasashen yanayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za ka je gida su yi maka godiya?"

Ya dube ni da tausayi.

"Habibi, garin da ko ruwan sha babu?"