Rasuwar Agogon Yaya Yusha'u, Wanda Ruwan Buta Ya Ci

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf, ni Nuhu Ado na Unguwar Sarki, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki da mutanen majalisarmu rasuwar agogon da kuka saba gani a hannuna. Ya tsaya ranar Talata da ƙarfe biyu da minti goma na rana, bayan jinyar kwana ɗaya. Shekarunsa goma sha biyar.

Marigayin ɗan asalin ƙasar Suwizalan ne, agogon masu nutso a teku. A fuskarsa an rubuta cewa yana iya nutsewa mita ɗari biyu ko gezau. Bai taɓa cin batir ba, ba a kuma wana shi. Motsin hannun mai shi ne abincinsa, in hannu ya daina motsi kwana biyu sai ya yi shiru. Bai san ƙarya ba. Ladanin masallacinmu, Malam Rabe, da shi yake gyara nasa. In an ɗauke wuta hannayensa su yi ta haske kore shar, ba ya neman kananzir wurin kowa. Maganarsa ɗaya ce tak, cak-cak-cak-cak, a hankali, sai ka kara shi a kunne kake ji.

Yau dole in faɗi abin da yawancinku ba ku sani ba, ku da kuke ce mini Alhaji Mai Agogo: ba nawa ba ne. Na wana ne, Yaya Yusha'u na Badarawa, tsohon sojan ruwa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shekara goma sha biyar ke nan da ya saye shi, a 1976, ya shiga teku da shi ba adadi. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Hannu ya daina motsi, agogo ya tsaya a kansa, Yaya ya ƙi abinci. Shi ne matarsa Hansai ta kwance shi ta ɗaura mini, ta ce in riƙa yawo da shi. Tun ran nan kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan je in kara masa shi a kunne. Da kyar harshensa ke juyawa, amma sai ya tambaya.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, Yaya."

"To, ni ma ina nan."

Daga nan ya karɓi kokon fura. Hansai ta ce furar Juma'a ce kaɗai yake shanyewa ba a lallashe shi ba.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Tun yana da lafiya Yaya ya sha faɗa mini cewa duk bayan shekara biyar ana aika agogon Ikko, wurin wakilan kamfanin da ya ƙera shi, su wanke cikinsa, su canza wani siririn zoben roba da ke hana ruwa shiga, su jefa shi cikin tukunyar gwaji. Wa'adi ya wuce, marigayi ya fara makara da minti biyu. Na tambaya, aka ce aikin sati shida ne. Juma'a shida ke nan in shiga ɗakin Yaya hannu wayam! Ban iya ba. Sai na yi wayo, wayon da ya kashe ni. Ranar Litinin na kai shi Abakpa wurin Tanko mai gyaran agogo, mai ɗan akwatin gilashi a gindin darbejiya, wanda ya taɓa tayar mini da agogon bango.

Tanko ya maƙala madubinsa a ido, ya jujjuya shi.

"Ranka ya daɗe, ai agogo agogo ne. Je ka ci abinci ka dawo."

Na je na ci, Allah Ya yafe mini, har da ƙari. Na dawo na tarar ya buɗe murfin da filaya, tsohon zoben ya gutsuttsure, ya yanko sabo daga robar cikin tayar keke, ya shafe shi da basilin ya mayar. Ya tsoma agogon a kofin silba ya fizge, ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

"Ka gani? Wallahi ko Kogin Kaduna ka faɗa da shi, kai za ka nutse, shi ya fito."

Washegari da azahar na zauna alwala a bayan ofis. Kamar kullum na zame madaurin sama, na zuba ruwa daga buta. Ina sallame salla na ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi. Agogon da teku ta kasa ci, rabin buta ya gama da shi.

Ba abin da ban yi ba. Na shanya shi a kan kwanon gareji. Na ɗora shi kan injin mota da zafinsa. Na yi ta kaɗa hannu a tsakar gida har matata Rahmatu ta fara yi mini tofi. Na koma Abakpa, maƙwabtan Tanko suka ce ya tafi ƙauye biki. Na buga waya Ikko, wani ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi wace irin roba, na faɗa masa, ya ce tsatsa ba ta jiran motar Ikko. Jama'a, in akwai wanda ya san mai iya tayar da shi kafin jibi, ko a Kano yake ko a Jos, ya zo ya buga mini ƙofa. Motata na nan, in ya so ya riƙe ta.

Marigayin ya bar akwatinsa mai jan ƙyalle a ciki, da takardar haihuwarsa da Turanci da Faransanci, da madaurin ƙarfe, da wani farin zagaye a wuyan hannuna inda rana ba ta taɓa ba shekara uku. Ya bar ni, wanda ya kashe shi. Ya kuma bar dattijo guda a Badarawa da har yanzu bai ji labari ba. Hansai ta sani. Ta ce ita bakinta ba zai iya ba, wanda ya ɓata shi ya faɗa. Ina jin tsoro, ban taɓa jin irinsa ba.

Za a yi jana'iza jibi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ɗakin Yaya Yusha'u. Ba wanka, ruwan ya isa haka. Ba a bukatar sadaka ko abinci. Ina roƙon mutum biyu ko uku masu ƙarfin zuciya su raka ni, ni zan shiga gaba in durƙusa in faɗa da bakina. Duk wanda zai zo, don girman Allah ya kwance agogonsa ya bar shi a zaure. Jikin Yaya ne ya mutu rabi, kunnensa garau yake, kada ya jiyo na wani yana tafiya ya zaci nasa ne, ya miƙa hannu ya karɓi fura.