Yadda Na Yaɓe Ruhewar Surukina da Siminti

Na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare, na manta inda na ajiye carbina ɗazun nan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na harbi ruhewar surukina da ƙafa a gaban dattawan garuruwa biyu ba. Ku gyara zama. Yau ni zan tona wa kaina asiri, tunda waɗanda suka saba tona min shi duk haƙoransu sun zube.

Ina saurayi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, aka buɗe izin, wato masana'antar siminti, a wajen Malbaza, aka ɗebi 'yan ƙauye masu ƙarfin wuya, har da ni. Aikin karɓa-karɓa ne: akwai 'yan safe, 'yan marece da 'yan dare, kowane mako a juya. Jiniya ta yi kuka, waɗansu su fito suna miƙa, waɗansu su shiga suna hamma. Ni kuwa aikina dako. Buhu ya fito daga bakin inji da zafinsa, in tara kai, in kai cikin kamyo, wato babbar motar kaya, in dawo in tara kai. Shi ke nan fa. Shekara uku ina wannan, ban taɓa ganin an zuba wa siminti ruwa ba (in ba gumina ba).

Amma a ƙauyenmu, can gefen Dogarawa, wa ya san haka? Makon da nake ɗan dare, in aka tashe mu da safe sai in hau kekena, fari fat tun daga gashi har yatsu, ido kawai ke motsi. Ina cin karo da mutane sun saɓa hauya za su gona, ni kuma na nufi tabarma. Innata kullum sai ta ce ɗanta ya koma mujiya, ba a san lokacin da za a aje mishi tuwo ba. A kan keken nan nake tunane-tunanena. In ce duk buro, wato ofis, da aka gina a Konni da wuyana a ciki. In ce manoma suna jiran sama, mu kuwa jiniya muke jira, ita kuma ba ta taɓa saɓa alkawari. Ina isa bakin rijiya yara su ɗauka, "Mushe ya dawo! Mushe ya dawo!" Mushe kuwa yallaɓai ke nan da Faransanci, sai kaina ya ƙara kumbura. In wani ya tambaye ni me nake yi a izin, sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Ai mu ke yin simintin." Ba na ƙarawa, ba na ragewa.

To, akwai Rabi a ƙauyen da ke gabanmu. Ina sonta, tana sona, wannan ba gardama. Mahaifinta (ba zan kama sunansa ba, suruki ne, mu ce Baba) manomi ne mai ƙarancin magana. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na kuma ji ana ƙus-ƙus cewa ɗan izin ba mijin aure ba ne, mutumin da ke barci da rana wace gona zai riƙe? Abin ya tsaya min a rai. Na ƙudura sai na yi wa Baba wani aiki da ba manomin da zai iya yi masa.

A ƙofar gidansa akwai wata ƙatuwar ruhewa, rumbun ƙasa ke nan irin namu mai tumbi, a kan duwatsu. Daminar bara ba ta yi auki ba, don haka zangarniyar hatsin da ta rage a ciki ita ce za ta kai gidan nan duka har kaka. Kowace bazara wani tsohon magini, Nomau, ke sake mata yaɓe da laka, sannan a kifa mata jinkar ciyawa don ruwa. Ni kuma a izin akwai simintin da ke zubewa daga buhunan da suka fashe, shef, shugabanmu na aiki, ya yarda mu riƙa sharewa muna ɗauka. Na tara, na tara, har ya isa kayan jaki biyu. Ranar hutuna na kora jakai har ƙofar gidan Baba, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, bana kada a wahalar da kowa. Ni zan yaɓe ruhewa da siminti. In na yi, an gama har jikoki."

Ya dubi jakai, ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka iya dai, ɗana?"

"Haba Baba! Ai mu ke yin shi."

Ya ce, "To. Allah shi yi albarka."

Na cire riga na kama aiki, rabin gari na kallo. Nomau ya zo da sandarsa ya tsuguna gefe. Da ya ga na tuttula siminti na kwarara ruwa, ya ce, "Mushe, na taɓa ganin masu gini a Konni, kamar suna sa rairayi a ciki."

Na yi dariyar da har yau in na tuna ta nake jin kunya. Na ce, "Baba Nomau, wannan ai ha'incin 'yan kwangila ne. Ni zalla zan sa. Gidan surukai ne."

Ya gyaɗa kai. Can da na fara maka shi a jikin ruhewa da tafin hannu (cokalin magina ma ban da shi), ya sake cewa, "Ƙasa hwa tana son ta sha iska. In ka ruhe ta, ta ina za ta bushe?"

"In ruwa bai shiga ba, me zai bushe?"

Mutane suka yi dariya, na ji daɗi har cikin ƙashina. Kafin la'asar na gama. Hannuwana sun sale, suna zogi kamar na tsoma su a barkono, amma ruhewa ta fito sumul, toka-toka, ba irinta a ƙasar nan. Da samari suka ɗauko jinka za su kifa, na daka musu tsawa. Wa ya taɓa ganin an sa wa siminti hular ciyawa? Ɗan murfin bakinta na sama ya isa. Nomau ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Mu dai mun ga zamani," ya tafi abinsa.

Kai, na ci duniya a makonnin nan! Masu zuwa kasuwa sai sun ratse sun shafa. Rabi ta ce ƙawayenta sun ishe ta da tsiya, tana faɗa tana murmushi. Bayan kwana uku waɗansu 'yan tsage-tsage suka fito, sirara kamar gashi. Aka nuna min, na ce haka siminti mai kyau yake yi, yana zama ne. Har wani mutum ya biyo ni gida wai in yi wa tasa, na ce sai na duba lokacina.

Damina ta sauka. Aka yi ruwa uku masu ƙarfi, aka yi shuka. Sai kawuna ya ce lokaci ya yi da za su je neman a sa rana. A al'ada ba a zuwa da saurayi, na sani sarai. Amma yaya za a yi dattawan garinmu su ga ruhewar nan ba na kusa? Makon ina ɗan dare. Jiniya na kuka na fito, ko gida ban biya ba, na wanke fuska a bakin rijiya, na bi su a baya wai ni mai riƙon goro. Takalmin aiki na ƙafata, irin mai ƙarfe a baki.

An shimfiɗa tabarmi a inuwa, daf da ruhewa. Dattawanmu a nan, nasu a can, Nomau a cikinsu. Maimakon in aje goro in ɓace, sai na laɓe a jikin aikina. Aka gama gaisuwa, wani dattijo daga namu ya ɗaga kai ya ce, "Wagga ita ce ta simintin da aka faɗi?" Wallahi ba wanda ya tambaye ni. Ni na fito da kaina.

"Ita ce, Baba. Wannan ko kamyo ya buge ta, kamyon ne zai ji jiki."

Na ɗan bubbuga ta da tafi. Ta yi wani sauti, fof-fof, kamar ƙwarya. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ja baya, na ce, "Ku duba," na sakar mata takalmi.

Da farko ba abin da ya faru. Sai na ji ƙas. Sai tsagar ta gudu sama. Sai wani falle na siminti, faɗinsa ya kai tabarma, ya sulalo ƙasa da bangon a bayansa, don ƙasar ta jiƙe ta zama kunu. Ashe duk ruwan nan uku ta tsagogin ya shige, ya rasa hanyar fita. Tumbin ruhewa ya buɗe, zangarniya ta kwararo ta rufe ni har gwiwa, baƙa, jiƙaƙƙiya, da wani tsami da ya sa dattawa toshe hanci da bakin rawani. Kaji suka rugo daga ko'ina. Daga cikin gida na ji uwar Rabi ta rafka salati.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar zafi. Na tsaya cikin hatsin mutane, ƙafa ta ƙi fita, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Baba ya taso a hankali, ya tsinci zangarniya ɗaya. Duk ta fid da fararen saiwoyi. Ya jujjuya ta, ya ce, "Mushe, ashe simintin naku har shuka shina yi." Sannan murya ta canza. Ya juya ga kawuna ya ce, "Malam, ku yi haƙuri. Wanga shi ne cimakar gidan ga har kaka. Maganar aure ta jira, bari mu ga abin da za mu tsamo."

Kawuna ya miƙe. Ya ɗauki goronsa da kansa.

Ranar nan duk garin aka fito ana kwasa, ana shanya a kan zana, ana kallon sama. Na saman ya kuɓuta. Na ƙasan, wanda ya fi yawa, ko awaki sai da suka yi shawara. Na yi kuka a kan keke da zan koma, kuka sosai da majina, don na san yaran gidan nan ɗaya-ɗaya, na kuma san abin da ake nufi da damina ba hatsi.

Daga nan sunan Mushe ya mutu. Yara suka koma kirana Mai Harbi. Duk ranar da aka biya mu, sai in wuce kasuwa in auno hatsi, in ɗora a keke, in aje a ƙofar gidan Baba, in juya kafin a fito. Ba a taɓa maido shi ba, ba a kuma taɓa aiko min da sannu ba. Rabi ko a hanya muka haɗu sai ta sunkuyar da kai. Haka muka ja har aka yi girbi.

Da ƙasa ta bushe na je na durƙusa gaban Nomau na ce ya ɗauke ni ɗan kwaɓa. Ya ce, "Zalla za ka sa, ko da rairayi?" Na haɗiye zolayar, ya ɗauke ni. In na tashi aikin dare, in zo in taka laka da ciyawa har azahar. In ina ɗan safe, in zo da la'asar. Tsohon nan ba ya ɗora zubi sai na jiya ya bushe, ko da za ka mutu da gaggawa. Sai da muka yi fiye da wata kafin sabuwar ruhewa ta tsaya. Ni da kaina na hau na kifa mata jinka.

Ina saukowa Baba ya kira ni gefe, inda ba kowa.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, mi kake yi a izin?"

Na dubi ƙasa. "Dako, Baba. Buhu nake ɗauka."

"Na sani. Tun bara na bi ta wurin da jakina, na gane ka bayan kamyo da buhu bisa kai. Na ce wanga yaro ba malalaci ba ne, shi zan ba ɗiyata."

Da ƙyar na ce, "To Baba, me ya sa ka bar ni na taɓa ruhewar?"

"Ka zo da jakai biyu, gari duka na kallo. In ce ba ka iya ba? Da wane ido za ka sake shigowa garin ga? Na ɗauka in ta ɓaci, yaɓe kaɗai za mu yi hasara." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka ce ma kawunka shi dawo da goronshi."

Wato ni ina can ina hura hanci don in burge mutumin da ya riga ya yarda da ni, shi kuma ya sa abincin 'ya'yansa a hannuna don kada in ji kunya. Wannan ya fi harbin ciwo, kuma har yau bai gama warkewa ba.

An ɗaura aure bayan sallah. Na ci gaba da dakona shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya tambaye ni aikina na faɗa masa da bakina, ba tare da ɗaga kafaɗa ba. Abin da na koya bai wuce kalma uku ba: ban iya ba. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai su sauƙi ba, amma sai da yaran wani suka yi damina guda da rabin ciki kafin bakina ya iya furta su.