Marigayiya Ta Je Ofishin 'Yar Majalisa

Wata uku cur Doña Eduviges ta yi a mace, a takarda. Ita da 'yar baffanta rana ɗaya aka haife su a garin Moca, iyaye maza wa da ƙane, iyaye mata ya da ƙanwa, aka duba kalanda aka raɗa musu sunan waliyyiyar ranar. Komai nasu ɗaya, har sunayen dangi. Da waccan ta rasu, wani malalaci a ofishin rajista ya soke mai rai ya bar gawa. Katin asibitin tsohuwa ya daina aiki, ga aikin yanar ido an sa mata ranar Litinin, in ya wuce sai baɗi. Sau biyar tana zuwa rajista da ƙafarta ana ce mata ta kawo shaidar tana raye. Mace tsaye a gabanka tana zazzaga maka masifa, kai kana neman shaida!

Ranar Juma'a da hantsi tana zaune a baranda kan wani busasshen benci, da takarda a cinya, sai ta ji ƙarar babur ɗin hayar jikanta Wilkin.

"A sa min albarka, marigayiya."

"Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka hankali, don wanda ya ba ka da farko ka zubar a titi. Ina kujerata ta lilo?"

"Wace kujera? Gadona ce. Gwamnati ta ce kin mutu, ni wane ne da zan ƙaryata gwamnati?"

"Ɓarawon banza! Ko addu'ar kwana tara ba ka bari an yi min ba ka sungume ta."

"Ai kin daɗe kina zaune a kai, na ce bari ta huta. Ya mutanen can? Kin ga mijinki, Kaka Fulgencio?"

"Na gan shi. Ya ce in tambaye ka, shekara talatin da uku ba mata, ƙarfen nan da kake hawa za ka aura?"

"Ke nake jira. To ga shi kin mutu kin bar ni gwauro."

Ta ɗaga takardar ta kaɗa masa a hanci. "Karanta, in makarantar da aka kai ka ta yi rana."

Wilkin ya karɓa, ya bi layi-layi da yatsa, ya ga hatimi biyu. "Kai! An tashe ki? Kaka, ki gode min. Ni na tashe ki."

"Kai? Da wane bakin?"

"Wa ya goya ki ran Talata zuwa ofishin 'yar majalisa? Direban motar gawa ma ana biyansa."

"Ka goya ni ka jefa ni a kowane rami na garin nan, saura kaɗan maganar gwamnati ta tabbata. Da muka isa kuma ina ka tsaya? Bakin ƙofa, kana washe wa mai sayar da lemo haƙora."

"Gadi nake yi, kada a sace gawa."

"Ni kuwa na shiga da farar rigata ta makoki, da butar kofi, da biskit. Mutum arba'in a layi, wannan na neman kwanon rufi, wancan na neman aiki. Na bi su ɗaya-ɗaya ina zuba musu kofi ina cewa, ku sha, na zaman makokina ne."

"Wayyo, kin kunyata dangi!"

"Dangin da suka sace min kujera? Sakatariyar nan, Yokasta, ta fito ta ce, Doña, wa ya rasu? Na ce ni ce, 'yata. Na zo gayyatar uwar ɗakinki addu'ata, tunda lokacin zaɓe ta san hanyar gidana har ta ci dakakkiyar ayabata ta nemi ƙari."

"Ba ki faɗi haka ba!"

"Har na ƙara. Na ce gawa ba ta zaɓe, kuma 'ya'ya da jikokin gawa arba'in da ɗaya suna cikin makoki, ba za su iya fita layi ba."

"Har da ni a ciki?"

"Kai ban ƙirga ka ba, mutane na ƙirga. Yarinyar nan ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da ni ta ɗauki waya. Mutumin rajistar nan da ya kore ni sau biyar, ina jin muryarsa yana ta ranki ya daɗe. Ta rubuta wasiƙa, 'yar majalisa ta sa hannu, Yokasta ta ce in ba su kwana uku. Ɗazu ta aiko da wannan, ta kuma kira asibiti. Litinin ɗina na nan daram."

Wilkin ya sake duba takardar. Tsohuwa ba ta ganin fuskarsa sosai, amma ta ji yadda ya ja hanci.

"Kuka kake yi, ɗan banza?"

"Kukan gado nake yi. Na yi asara."

Ya fita. Ta ji yana kwance igiya a bayan babur, sai ga shi da kujerar lilo a ka, an yi mata sabuwar saƙa, an ɗaure ƙafar da take ƙara. Ya ajiye, ya zaro baƙin tabarau daga aljihu ya ɗora mata a hanci.

"Likita ya ce za ki buƙace shi bayan aiki. Na sallama, Kaka. Wanda ya kashe ki ma ya sallama, bare ni."

Doña Eduviges ta haye kujerarta, ta yi lilo sau biyu, ta gyara tabarau.

"Ka zo da wuri ran Litinin, kuma ka yi aski. Shekara huɗu ban ga fuskarka da kyau ba. In na buɗe ido na tarar yadda na bar ta take, zan ce likita ya mayar min da yanata."